Tsofaffin Hannu a Kiɗan Bulugiras: Me Ke Haɗa Su a Dandamali Ɗaya?

A Amurka akwai kiɗan da furfura ba ta rage wa mai shi kasuwa. Ana kiran sa bulugiras, kuma a cikinsa an saba ganin makaɗan da kowannensu ya shekara talatin ko arba'in yana sana'ar sun haɗu sun kafa ƙungiya guda, wani lokaci ba tare da doguwar maimaitawa ba. Ga tambayoyin da mai son sani zai iya yi.

Wane irin kiɗa ne bulugiras?

Kiɗan tsirkiya ne zalla, babu ganga a ciki. Kayan aikinsa biyar ne: jita, banjo, mandolin mai tsirkiya takwas, goge irin na Turawa, da ƙaton goge na tsaye wanda ake ja da yatsu. Tunda babu ganga, ƙaton gogen ne ke buga ƙafar kiɗan, mai mandolin kuma ya riƙa sarar tsirkiya a tsakanin bugu da bugu. Waƙar da murya mai tsini ake yin ta, mutum uku ko huɗu suna haɗa baki.

Bill Monroe ne uban kiɗan. An haife shi a 1911 a Rosine ta jihar Kentaki, kuma daga sunan ƙungiyarsa, Blue Grass Boys, kiɗan ya samo suna. Ya shiga shirin rediyo na Grand Ole Opry a Nashbil a 1939. Amma kiɗan bai tsaya da ƙafarsa ba sai a Disambar 1945, lokacin da wani saurayi mai suna Earl Scruggs ya zo da salon kaɗa banjo da yatsu uku, ya tarar da Lester Flatt yana riƙe da jita yana jan waƙa.

Akwai abin da ya haɗa shi da mu?

Akwai, ta wajen banjo. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera shi a tsibiran Karibiyan, daga baya a Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, bisa tsarin kayan kiɗan da suka baro a gida. Masana sukan nuna akontin na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya a matsayin makusancinsa, kuma molo da gurmi da garaya duk dangi ɗaya ne da shi. Monroe kansa ya koyi abubuwa da yawa a hannun wani baƙar fata mai jita, Arnold Shultz.

Ta yaya mutanen da suka fito daga ƙungiyoyi daban-daban za su dace nan take?

Nan ne zancen yake. Ba a koyon bulugiras a takarda. A bayan maigida ake koyon sa, kamar yadda ɗan amshi ke bin makaɗi shekara da shekaru kafin ya kafa nasa. Fiye da mutum 150 sun ratsa ta ƙungiyar Monroe. Jimmy Martin ya yi masa jita, ya fita ya kafa tasa, sannan shi ma ya horar da J.D. Crowe da Doyle Lawson. Del McCoury ya zo wa Monroe a 1963 a matsayin mai banjo, Monroe ya ce ya ɗauki jita ya ja waƙa, kuma a kan jitar ya zauna har tsufa. To idan irin waɗannan suka haɗu, waƙoƙin iri ɗaya suka haddace, sun san inda mai goge zai shiga, sun san inda za a sauke. Ɗaga gira kawai ya isa.

Mutumin da ya fara mayar da wannan abin kallo shi ne Carlton Haney. A 1965 ya shirya bikin bulugiras na kwanaki a Fincastle ta jihar Bajiniya, ya tsayar da Monroe a dandamali, ya riƙa kiran tsofaffin yaransa ɗaya bayan ɗaya suna sake yin waƙoƙin da suka yi tare. Bukukuwan da ake yi yau a faɗin Amurka daga wannan suka samo tsari.

Wace ƙungiya ce misali mafi kyau?

A ganina, Bluegrass Album Band. A 1980 Tony Rice, gwanin jita, ya so ya yi faifai na waƙoƙin asali. Sai ya kira J.D. Crowe, wanda ya taɓa yi wa aiki, ya riƙe banjo. Doyle Lawson ya riƙe mandolin. Bobby Hicks, wanda ya yi wa Monroe goge tun shekarun 1950, ya zo da gogensa. Todd Phillips kuma ya tsaya kan ƙaton goge. Ba dukkansu ne dattawa a shekaru ba, Rice bai cika talatin ba a lokacin. Amma a aiki kowa ya ga jiya. Da faifan ya fito a 1981 a kamfanin Rounder, an riga an fahimci cewa aikin na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Lokacin yana da muhimmanci. A shekarun 1970 matasa sun ja kiɗan zuwa jaz da rok, shi kansa Rice yana cikin masu jan. Waƙoƙin Flatt da Scruggs da na Monroe na shekarun 1940 da 1950 sun fara zama na tsofaffin faya-fayai masu ƙara. Waɗannan mutane biyar suka sake ɗaukar su da tsaftar sauti ta zamani, ba su ƙara musu gishiri ba. Matasa da dama daga wurinsu suka fara jin waƙoƙin, daga baya suka koma neman na asali. Faifai shida suka yi zuwa 1996, Jerry Douglas da Vassar Clements suka shigo a hanya.

Me tsohon hannu ke da shi wanda saurayi ba shi da shi?

Saurin yatsa dai matasan yau sun kai, wasu sun wuce. Abin da ke wajen dattawa shi ne sanin lokacin da za a ja baya. A tsohon tsari makirufo ɗaya ake kafawa a tsakiya. Mai banjo ya matso ya yi nasa, yana gamawa ya zame gefe, mai goge ya sunkuyo ta inda ya bari, sauran su rage ƙarfi don a ji shi. Idan amshi ya zo, kawuna uku su haɗu a bakin makirufon, mai murya mafi tsini ya ɗan ja da baya don kada ya danne 'yan'uwansa. Saurari Crowe a bayan mai waƙa: banjonsa na tafiya a ƙasa-ƙasa, sai a tsakanin baiti da baiti ya ɗago kai. Wannan ladabin ne nake ganin ya fi kowace gwaninta wuyar samu.

Tsufa ba ya cin su?

Yana ci, kuma babu amfanin ɓoyewa. Ciwon maƙogwaro ya ɗauke wa Tony Rice murya a farkon shekarun 1990. Faifan ƙungiyar na shida kiɗa ne zalla babu waƙa. Daga baya ciwon hannu ya hana shi jitar ma, ya rasu a Disambar 2020, Crowe ya bi shi bayan shekara guda.

Amma wasu tsufan ƙara musu ya yi. Ralph Stanley, tsohon mai banjo kuma mawaƙi, yana da shekara 75 ya ci kyautar Grammy a 2002 da waƙar da ya rera da baki kawai, murya a dushe. A ƙarshen 2002 ɗin Earl Scruggs da Doc Watson, makahon mai jita, dukkansu sun doshi tamanin, suka zauna da Ricky Skaggs a Winston-Salem aka ɗauki wasansu.

Kullum lafiya suke zaune da juna?

Ina! Da Flatt da Scruggs suka bar Monroe a 1948 suka kafa Foggy Mountain Boys, ya yi sama da shekara ashirin yana gaba da su. Sai a 1971 ya karɓi Flatt a bikinsa na Bean Blossom a Indiyana, suka yi waƙa tare. Su ma Flatt da Scruggs sun rabu a 1969, domin Scruggs na son sabon salo tare da 'ya'yansa, Flatt kuma yana son a tsaya kan tsohon. Ba su sake hawa dandamali tare ba har Flatt ya rasu a 1979.

Wa ya rage?

Lawson ya ajiye yawon wasa a ƙarshen 2021, Hicks ya rasu a 2024. Del McCoury, haifaffen 1939, ya wuce tamanin yana jan ƙungiyarsa, ɗansa Ronnie na kan mandolin, ɗaya ɗan nasa Rob na kan banjo. Tun 2008 yake da bikinsa na shekara-shekara, DelFest, a Cumberland ta jihar Maryland, inda matasan makaɗa ke zuwa su hau dandamali tare da shi.