Zaɓen makarantar firamare a Najeriya

Zaɓen makarantar firamare shi ne binciken da iyaye kan yi kafin su damƙa yaro ga makarantar boko ta farko. A Najeriya firamare aji shida ce, kuma a ƙa'ida ɗan shekara 6 ake ɗauka aji ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta a makarantun gwamnati, wato firamare da ƙaramar sakandare. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ce ke sa ido daga Abuja, kowace jiha kuma tana da tata hukumar, SUBEB. Makarantun kuɗi sai da takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, amma da yawa a cikin unguwanni an buɗe su ne a gidan haya babu wannan takarda, don haka ita ya kamata uba ya fara tambaya.

Shiga makarantar gwamnati ba shi da wuya. Shekarar karatu kan fara a watan Satumba, a zo da yaro da takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A da, lokacin da takardun ba su yawaita ba, malami kan sa yaro ya zagaya hannu ta saman kai, in ya taɓa kunne to ya isa shiga. Makarantun kuɗi kuwa fom ake saya, wasu su yi wa yaro ɗan gwaji. A nan sai a yi lissafin shekara gaba ɗaya, domin bayan kuɗin zango akwai littattafai da yunifom da kuɗin jarrabawa da na bikin yaye ɗalibai, abubuwan da ba a cika faɗa ba ranar farko.

Ingancin makaranta yana ga malami. Mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar ita ce NCE, wato shaidar kammala kwalejin ilimi, kuma hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali a manyan birane ana samun ajin da ya ninka haka, yara a zaune a ƙasa. Takarda ma ba ta isa hujja ba: a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce fiye da 21,000 ba su ci ba.

Shi ya sa ziyara a lokacin darasi ta fi kallon fenti da motar makaranta. A buɗe littafin rubutun wani ɗalibi: yaushe rabon jan biron malami da shi, kuma gyara ya yi ko layi kawai ya ja? A miƙa wa ɗan aji uku wata 'yar takarda da bai taɓa gani ba, ta Hausa ma, a ji ko zai karanta. Ajin da ke maimaita abin da ke kan allo da murya ɗaya yana da daɗin ji daga waje, amma sau da yawa hadda ce, yaron bai san bakaƙen ba. Abin takaici ne a ce an yaudari uba da gaisuwar Turanci, sai ɗansa ya kai aji shida sannan ya gane ba ya iya karanta wasiƙa.

Ruwan sha da bayan gida, musamman na 'yan mata daban, da katanga da nisan tafiya duk suna cikin lissafi, haka ma ko lokacin tashi zai bar yaro ya samu Islamiyya da yamma. Wasu iyayen kan tambayi yadda 'yan aji shida ke cin jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai na tarayya, wadda NECO ke shiryawa. A makarantun gwamnati akwai kwamitin kula da makaranta, SBMC, da ya haɗa hedimasta da iyaye da dattawan unguwa, kuma 'yan kwamitin sukan san malamin da ke zuwa aji da wanda sai ƙarshen wata ake ganinsa.