Rage Hawan Jini ta Hanyar Gyara Abinci da Yanayin Rayuwa

Hawan jini shi ne ƙarfin da jini ke bugun jijiyoyi da shi ya wuce ƙima kuma ya daɗe a haka. Da lambobi biyu ake auna shi. Idan an gwada mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu 140/90 ko sama, to yana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 ne ke ɗauke da shi, kusan rabinsu kuma ba su sani ba, domin sau da yawa ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri. Wani sai ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙoda ta taɓu, sannan a gane.

Gishirin da ke cikin tukunya

A Kebbi da Zamfara, babban gyaran a madafa yake. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru, zuciya ta ƙara aiki. Ƙa'idar hukumar ita ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, duk abin da ya ci daga kalaci zuwa tuwon dare.

Matsalar ita ce gishiri ba ta ƙofa ɗaya yake shiga ba. Uwargida a Gusau za ta ɗora miyar kuka, ta zuba gishiri, ta murtsuke magi uku ko huɗu, ta jefa kanwa, in an zo ci kuma a barbaɗa yaji, shi ma da nasa magin a ciki. Dukkansu sodiyam ne, har kanwar da mutane da yawa ba sa lissafawa. Haka kilishi, tsire da taliyar leda. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Daddawa, albasar Aliero, tafarnuwa, citta da attaruhu suna tayar da miya ko an rage magi. A hankali ake ragewa. Cikin 'yan makonni harshe ya saba.

Abin da ake ƙarawa

Wani binciken abinci da aka wallafa a Amurka a 1997, wanda aka sani da DASH, ya nuna cewa yawaita ganye, 'ya'yan itace da madara marar maiƙo yana saukar da jini cikin makonni. Ba sai an sayo na kanti ba: zogale, rama, alayyahu, wake, ayaba, lemu da dankalin Hausa suna da fotasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda fitar da sodiyam. Ɗanyen kifin Yawuri da Argungu ya fi nama mai kitse. Mai ciwon ƙoda dai sai ya tambayi likita kafin ya yawaita waɗannan. Zoɓo ma an ga yana ɗan saukar da jini, amma wanda aka cika wa sukari ya ɓata lissafin.

Motsa jiki na minti 150 a mako ake so, misali tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Manomin shinkafa a fadama ya wuce nan tuni. Ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke hawa babur zuwa masallacin da ke kusa da gida su ake ji. Mai ƙiba kuwa, kowane kilo guda da ya zubar yakan sauke kusan maki ɗaya a awon jininsa.

Sigari, shisha da barasa barinsu ake yi. Goro da kofi suna ɗaga jini na ɗan lokaci. Ƙarancin barci da yawan damuwa na taimaka wa cutar, haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis bayan an dawo gona.

Wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani ba ya dainawa don ya rage gishiri; likitan ne zai rage masa idan awo ya nuna. Mai ciki da jininta ya hau, musamman in da kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani, asibiti za a kai ta ranar.