Tafawa Ɓalewa bai taɓa zama shugaban ƙasa ba

Ka zaro takardar naira biyar ka tambayi ɗan makaranta wane ne wannan, da wuya bai ce maka "shugaban ƙasar Najeriya na farko" ba. Manya ma haka suke faɗa, kuma abin yana damuna, domin ana ɓata tarihin bawan Allah.

Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Firaminista ne, tun daga 1957, kafin a samu 'yancin kai. Ranar 1 ga Oktoba 1960 Sarauniyar Ingila ce ke riƙe da kan ƙasa, Gwamna Janar yana wakiltarta. Da aka koma jamhuriya a 1963, Nnamdi Azikiwe ne ya zama shugaban ƙasa, amma kujerarsa ta girma ce kawai. Ministoci da kasafin kuɗi da harkar yau da gobe duk suna hannun Ɓalewa.

Kuma ba wanda ya kaɗa masa ƙuri'ar Firaminista. Mazaɓarsa a Bauchi ta tura shi majalisa kamar kowane wakili. Bayan zaɓen 1959 jam'iyyarsa ta NPC ta fi kowa kujeru, ta haɗa kai da jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe, aka kafa gwamnati. Shugaban NPC ɗin ma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ne, ya zaɓi zama Firimiyan Arewa a Kaduna.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya tafi da ransa, ya tafi da muƙamin. Shugaban ƙasa mai cikakken iko da jama'a suka zaɓa sai a 1979, shi ne Shehu Shagari.