Harajin Cunkoson Motoci: Daga Binciken Jami'a Zuwa Titunan Birane

Harajin cunkoson motoci kuɗi ne da direba yake biya idan zai shiga wani yanki na birni a sa'o'in da ababen hawa suka fi yawa. Ya sha bamban da kuɗin tolget, wanda ake karɓa don a mayar da abin da aka kashe wajen gina titi. Manufarsa ita ce a rage yawan motoci a lokacin gosulo. Masu nazarin sufurin birane sukan kafa misali da shi idan ana maganar tasirin binciken ilimi a kan manufofin gwamnati, domin an san malaman da suka ƙirƙiro ra'ayin, an san shekarun da suka yi rubuce-rubucensu, an kuma san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin abin ya sauka a kan kwalta: shekara 55 daga rubutun farko zuwa birnin da ya fara aiwatarwa.

Tushen ra'ayin

Masanin tattalin arziki na Jami'ar Cambridge, Arthur Pigou, shi ne ya fara kawo maganar a 1920. Bayaninsa ba shi da wuyar fahimta. Mai motar da ya hau titin da ya riga ya cika yana lissafin mansa da lokacinsa ne kawai, ba ruwansa da jinkirin da ya ƙara wa duk waɗanda ke bayansa. Tunda ba ya biyan komai a kan wannan asarar da ya jawo wa wasu, motoci sukan fi ƙarfin titi, kowa ya tsaya cak. Idan aka sa kuɗi daidai da asarar, wasu za su ɗage tafiyarsu, wasu su hau bas, wasu su haɗu a mota guda, waɗanda tafiyar ta zame wa dole kuma su samu hanya.

Wanda ya riƙe batun ya sa shi gaba tsawon rayuwarsa shi ne William Vickrey na Jami'ar Columbia da ke Niyok. A 1952 ya ba da shawarar kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon lokaci. A 1959 ya gabatar wa wani kwamitin Majalisar Dokokin Amurka tsarin da za a liƙa wa kowace mota na'urar da za a riƙa karantawa a mahaɗar tituna a birnin Washington, a aika wa mai ita lissafin kuɗinsa. A wancan zamani kwamfuta ɗaya takan cika ɗaki, don haka ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. An ba Vickrey kyautar Nobel ta tattalin arziki a watan Oktoba na 1996, ya rasu bayan kwana uku da sanarwar, a kan hanyarsa ta zuwa wani taro.

A Birtaniya ma an yi irin wannan. Ma'aikatar Sufuri ta kafa kwamiti ƙarƙashin Reuben Smeed, wanda ya fitar da rahoto a 1964 yana cewa tsarin mai yiwuwa ne kuma zai amfani birane. Aka ajiye rahoton a durowa kusan shekara 40.

Faɗaɗa titi ba ya maganin gosulo

Abin da ya ƙara wa ra'ayin nauyi wani reshen bincike ne na daban. A 1962 masanin tattalin arziki ɗan Amurka Anthony Downs ya rubuta cewa duk babban titin da aka faɗaɗa a cikin birni, motoci za su ƙaru har su sake cika shi a lokacin fita aiki da tashi. Dalili kuwa, da zarar hanya ta buɗe, wanda yake yin sammako don gudun cunkoso sai ya daina, mai bin lungu ya dawo babban titi, mai hawa bas ya fito da motarsa. Injiniyoyin hanya sun daɗe ba su yarda da haka ba. Sai a 1994 wani kwamitin ƙwararru na gwamnatin Birtaniya ya tabbatar cewa sababbin hanyoyi suna haifar da sababbin tafiye-tafiye, aka kuma gyara yadda ake lissafin amfanin titi kafin a gina shi. A 2011 masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner suka bi alƙaluman biranen Amurka na shekaru da dama, suka gano cewa yawan kilomitocin da motoci ke ci yana ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara layukan manyan tituna. Duk da haka, gadar sama ta fi saurin burge masu zaɓe a kan haraji, kuma har yau birane da yawa ita suke zaɓa.

Singafo da waɗanda suka biyo baya

Singafo ce ta fara, a watan Yuni na 1975. Ba ta jira na'urar Vickrey ba. Takarda ce direba zai saya ya manna a gilashin motarsa, jami'ai kuma suna tsaye a mashigun tsakiyar gari da safe suna dubawa. Motar da ta ɗauki mutum huɗu ba ta biya. Motocin da ke shiga yankin suka ragu ƙwarai, har Bankin Duniya ya yi nazari a kan sakamakon. A 1998 ƙasar ta koma tsarin lantarki mai cire kuɗi daga kati yayin da mota ke wucewa, kusan irin abin da Vickrey ya zana tun farko.

Hong Kong ta gwada tsarin lantarki daga 1983 zuwa 1985. Na'urorin sun yi aiki, amma jama'a suka ƙi, har da tsoron kada hukuma ta riƙa bin sawun mutane. Landan ta fara nata ranar 17 ga Fabrairu, 2003, a zamanin magajin gari Ken Livingstone, a kan fam 5 a yini, da kyamarori masu karanta lambar mota. Jinkiri ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekarun farko, daga baya kuma ya dawo, saboda an ware wa bas da masu keke da masu tafiya a ƙasa wani ɓangare na titunan, ga kuma yawan haƙe-haƙen gyara. Mutanen Edinburgh sun yi watsi da tsarin a ƙuri'ar raba gardama a 2005, na Manchester ma haka a 2008.

Gwajin Stockholm

A babban birnin Suwidin ne aka fi ganin hannun masu bincike a fili. An shirya abin tamkar gwajin ɗakin kimiyya: a karɓi harajin daga 3 ga Janairu zuwa 31 ga Yuli, 2006, a dakatar, sannan a tambayi jama'a. An kafa wuraren karanta lambar mota 18 kewaye da tsakiyar birnin, kuɗin kuwa kurona 10 ko 15 ko 20 ne gwargwadon sa'a. Kafin a fara, akasarin mazauna ba sa so, jaridu kuma sun yi ta hasashen za a ji kunya. Motocin da ke tsallaka iyakar suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, layukan da ake yi a kan gadoji suka gajarce sosai. Da aka dakatar da harajin a watan Agusta, yawancin motocin suka dawo. Wannan ce hujjar da ba ta buƙatar dogon bayani, domin kowa ya gani da idonsa.

A watan Satumba mazauna birnin suka amince da ƙaramin rinjaye, aka mayar da tsarin na dindindin a watan Agusta na 2007. Jonas Eliasson, wanda ya jagoranci ƙwararrun da suka auna sakamakon gwajin, ya nuna a bincikensa na baya cewa goyon bayan jama'a ya ci gaba da hawa har ya kai kusan kashi 70 cikin 100, kuma da yawa daga waɗanda suka sauya ra'ayi ba su ma tuna sun taɓa adawa ba. Shi kansa daga baya ya zama daraktan sufuri na birnin. Wasu masu bincike kuma suka gano raguwar tashin ciwon asma a tsakanin ƙananan yara bayan iskar birnin ta gyaru, amfanin da babu shi a lissafin Pigou.

Suka da muhawara

Babbar suka ita ce ta adalci: mai kuɗi zai biya ya wuce, talaka a kore shi daga titi. Amsar masana ita ce, abin ya danganta da waɗanda ke tuƙi zuwa tsakiyar gari da kuma inda kuɗin ke zuwa. A Landan doka ta wajabta a zuba shi cikin harkar sufuri, kaso mai yawa kuma ya tafi ga motocin bas. Inda babu bas ko jirgin da mutum zai koma wa, sukar tana da ƙarfi, kuma ba a gama warware ta ba. Wasu biranen sun gwammace hani a kan haraji. Legas ta kawo dokar lambar mota a 1977, masu lamba mara su shiga wasu tituna yau, masu cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu.

Niyok, garin Vickrey, ta zo a makare. Shirin magajin gari Michael Bloomberg ya mutu a majalisar jihar a 2008. An kafa doka a 2019, aka ƙayyade kuɗin a kan dala 15, gwamna Kathy Hochul ta dakatar da shirin a watan Yuni na 2024 ana saura 'yan makonni a fara. Ranar 5 ga Janairu, 2025 aka soma karɓar dala 9 daga motocin da ke shiga kudancin Manhattan, cibiyar birnin, daga titi na 60 zuwa ƙasa. A watan Fabrairu gwamnatin tarayya ta janye amincewarta, hukumar sufurin birnin ta garzaya kotu, aka kuma ci gaba da karɓar kuɗin.