MLS ta kai kulob 30, to ina kuma aka dosa?

Wai kulob nawa ne yanzu a MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka?

30 ne cif. A 1996 aka fara da guda 10 kacal, kuma farkon abin ba daɗi, a 2002 sai da aka rufe biyu na jihar Florida, Tampa Bay Mutiny da Miami Fusion, don asara kawai ake tafkawa. San Diego FC ce ta cike na 30 ɗin a 2025. Uku daga ciki na Kanada ne, Toronto da Vancouver da Montreal.

Sabon kulob ta ina yake shiga, sai ya ci ƙaramar gasa ya hauro?

Ina! Kuɗi zaka aje a baka kujera. Toronto da ta fara buga wasa a 2007 dala miliyan 10 ta biya, Charlotte ta biya miliyan 325, ita kuma San Diego miliyan 500. Bayan kuɗin sai sun ga kana da filin wasa ko shirin gina shi, da gari mai jama'a da zasu sayi tikiti su kalli talabijin. Kuma wanda ya biya ba kulob kaɗai ya saya ba, hannun jari ya saya a gasar kanta, shi yasa har kwantiragin ƴan wasa da MLS ake ƙullawa ba da kulob ɗin ba.

Kenan shi yasa ba'a faɗawa ajin ƴan dagaji?

Ai nan gizo yake saƙar. Ka ɗauka kai ne ka zube miliyan 500, kakar farko ta zo maka a karkace ka ƙare a gindin teburi, sai ace ka sauka ƙasa inda babu kuɗin Apple (yarjejeniyar nuna wasanni ce da suka fara a 2023) wani da bai biya ko sisi ba ya haye kujerarka, wa zai yarda da wannan? Ni dai gani nake matuƙar sayar da kujera ce hanyar faɗaɗa gasar to maganar sauka da hawa a MLS hira ce kawai ta gidan kallo. Illar kuwa a fili take, kulob ɗin da ya san ba zai kai ko'ina ba wasanninsa na ƙarshen kaka basu da wani armashi, saɓanin Firimiya inda na ƙasan teburi suke wasa kamar ransu zai fita.

To ya ake fitar da zakara?

An raba su Gabas da Yamma. Wanda yafi kowa maki yana ɗaukar Supporters' Shield, amma zakaran da ake kira zakara sai wanda ya tsallake zagayen sili ɗaya ƙwale ya ci MLS Cup.

Zasu ƙara su kai 32?

Garuruwan da aka fi ambata sune Las Vegas da Phoenix da Indianapolis da Detroit, kuma tunda NFL, babbar gasar wasan American football, kulob 32 gareta mutane suke ganin nan za'a tsaya. Amma alƙawari ba kujera bane, Sacramento an bata gurbi a 2019 sai attajirin da zai zuba kuɗin, Ron Burkle, ya janye a 2021, magana ta bi ruwa.

Akwai wani canji da ke tafe?

Akwai, na kalanda. Sun saba farawa a Fabrairu su ƙare a Disamba, daga 2027 kuma zasu koma farawa a Yuli su ƙare a Mayu irin na Turai, don cinikin ƴan wasa ya zo daidai da lokacin da kasuwa take ci. Matsalar sanyi ce, Minnesota da Montreal a Janairu ba wajen taka leda bane, dole ayi hutu a tsakiya. Gefe guda kuma USL, wadda gasarta take ƙasa da MLS, a 2025 masu kulob ɗinta suka kaɗa ƙuri'ar kawo sauka da hawa kuma suna shirin buɗe tasu babbar gasar, amma su basu da Messi.