Farfesan Ilimin Halittu a Jihar Katsina

Farfesan ilimin halittu, wanda ɗalibai suka fi sani da farfesan bayoloji, malamin jami'a ne da ya kai ƙololuwar muƙami a fannin nazarin tsirrai da dabbobi da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. A Jihar Katsina ana koyar da fannin a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ta biyo baya a 2011. A kwalejojin ilimi kuwa, muƙamin ƙarshe shi ne cif lakcara.

Hawan tsanin yana cin shekaru. Daga mataimakin lakcara ake farawa, a bi matakai har zuwa babban lakcara da mataimakin farfesa, kuma galibi sai an shekara uku kafin kowane ƙarin girma. Dole ne a samu digirin digirgir da tarin maƙalun bincike, waɗanda ake aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su tantance. Dokar 2012 ta sa shekarun ritayar farfesa 70.

A aji, ɗan shekarar farko yakan fara da ɓawon albasa: a ɓare siririyar fatar, a shimfiɗa a kan gilashi, a ɗiga aidin, a leƙa ta madubin hangen ƙananan halittu. Sai ga ƙwayoyin sun jeru kamar tubalin gini. Daga nan ake wucewa zuwa ilimin gadon halitta da na muhalli, sannan furojet ɗin shekarar ƙarshe, wanda malamin ke dubawa babi-babi.

Sai dai inda aikin ya fi taɓa talaka shi ne bakin dam da gona. Jihar na da madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya da Ajiwa, da Sabke a yankin Daura, kuma ruwa kwantacce shi ne gidan katantanwar da ke goyon tsutsar tsargiya. Yaro na wanka tsutsar ke huda fatarsa, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su riƙa fita da jini a ƙarshen fitsari. Mai bincike yakan nemi izinin iyaye da hukumar makaranta, ya karɓi fitsarin yara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen suka fi fita. Ya tace mililita 10, ya ƙirga. Ƙwan na da 'yar ƙaya a ƙarshensa, da ita ake gane shi. In ƙwayayen suka kai 50, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar ciwon ya yi tsanani. Abin takaici, har yanzu akwai masu ganin jinin alamar balaga ce, alhali maganin Praziquantel na kashe tsutsar. Binciken da ya tsaya a mujalla bai koma ƙauyen da aka ɗebo fitsarin ba, a gaskiya rabin aiki ne.

A gona kuma babban abin nazari shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar gero ko dawa ke fitarwa. Kafin manomi ya ga furensa, ya riga ya tsotse shukar ta ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ake gwada irin da ke jure masa, da karɓa-karɓar shuka da gyaɗa ko waken suya, waɗanda ke sa irin ƙudujin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Wasu malaman sun fi karkata ga itatuwan magani, kamar sabara da marke, suna gwada ruwan ganyensu a kan ƙwayoyin cuta. Yawancin irin wannan aiki da tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ake yin sa, ko da kuɗin aljihun malami da ɗalibansa.