Waiwaye: Bitamin D, daga hayaƙin Turai zuwa ƙafafun yaran Jos

Tun kafin a san akwai wani abu wai shi bitamin D, an san cutar da rashinsa ke jawowa. A 1650 likitan Ingila Francis Glisson ya yi cikakken bayanin yaran da ƙashinsu ke yin laushi, ƙafa ta lanƙwashe ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura. Da masana'antu suka yawaita, hayaƙin kwal ya rufe samaniyar birane, yaran talakawa kuma suna maƙale a lungunan da rana ba ta leƙawa, sai cutar ta zama ruwan dare. A 1822 Jędrzej Śniadecki ya lura yaran birnin Warsaw sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rana ce maganin. Ba a saurare shi ba.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari. A 1919 Edward Mellanby ya warkar da karnuka masu cutar da man hantar kifi, a Berlin kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara da hasken wata fitila ta musamman. Elmer McCollum ne ya raɗa wa sinadarin suna a 1922. Daga nan aka gane cewa fata na ƙera shi idan rana ta taɓa ta, aikinsa kuma shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci. Amurka ta fara zuba shi a madara a shekarun 1930, cutar ta ja baya sosai. Birtaniya ta zarce gona da iri, har a shekarun 1950 aka riƙa ganin jarirai da kalsiyam ya yi musu yawa a jini, dole aka rage. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi ga mai haɗiyar ƙwaya ba lissafi.

To amma me zai sa yaro a Filato, inda rana ba ta yanke mana, ya yi laushin ƙashi? Wannan tambayar ce Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka bi a Jos, sakamakon ya fito a 1999. Yara 123 aka raba kashi uku, aka bi su mako 24. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin ɗari ne suka kai matakin warkewa. Masu kalsiyam kaɗai kashi 61, waɗanda aka haɗa musu biyun kashi 58. Abin da yaran ke samu na kalsiyam a rana bai wuce miligiram 200 da wani abu ba, domin da zarar an yaye yaro sai kunu da tuwo, nono kuwa sai wanda ya gani. Abin na ci mini rai, a ƙasar da shanu ke kiwo a bayan gari. Daga baya ma an gwada garin busasshen kifi da ƙashinsa a Jos ɗin, ya yi aiki.

Ba wai bitamin D ba shi da muhalli a wajenmu ba. Nonon uwa ba ya ɗauke da shi da yawa, baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana, kuma matar da ba ta cika fita tsakar gida ba tana iya rasa shi ita da jaririnta. Shi ya sa matsayar da masana na duniya suka fitar a 2016 ta ce a ba kowane jariri awo 400 na bitamin D (a ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin magani) kullum a shekararsa ta farko, mai juna biyu 600. Yaron da ya riga ya kamu kuma a haɗa masa bitamin ɗin da kalsiyam na aƙalla wata uku, a hannun likita.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda ake tallan ƙwayar ga manya masu lafiya kamar maganin komai, mutum ya kwashi kuɗin cefane ya kai kemis. Babban gwajin VITAL a Amurka ya bi mutum fiye da 25,000, rabinsu suna shan awo 2,000 kullum. A 2018 aka bayyana cewa bai rage kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba, a 2022 kuma aka ga bai rage karaya ba.